Fentin ƙananan sojojin iyakar Indiya na 1897: yaya ake hana kaki zama curin laka a tebur?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata a kan ƙananan sojojin wasan yaƙi na tebur ce masu tsawon milimita 28, na yaƙin iyakar Arewa maso Yammacin Indiya, wato tashin hankalin 1897 zuwa 1898 da ya haɗa da Malakand da Tirah. Gefe guda Turawan Ingila ne da sojojin Indiya, ɗaya gefen kuma mayaƙan Afridi da Orakzai. Matsalar ita ce kaki. Riga kaki, wando kaki, hula kaki, naɗin ƙwauri kaki, ƙasar da soja ke tsaye a kanta ita ma ruwan ƙasa. Da an jera su a tebur sai su dunƙule, ba ka rabe riga da jaka. Ina neman tsari tun daga farko har ƙarshe, da lambobin fenti in da hali.

Malam Bashir: Wa'alaikumus salam, Nura. Kafin a zo maganar launi, a fara da gyaran jikin sojan, don rabin munin da ake gani a tebur daga nan yake tasowa.

Kowane soja, na ƙarfe ne ko na roba, yana fitowa da sawun zubi, siririn layi inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. A waɗannan sojoji wuri uku yake ɓuya: tsakiyar hular rana daga goshi zuwa ƙeya, gefen hannun riga, da kuma tsawon naɗin ƙwauri. Na hula shi ya fi ɓata aiki, domin hular santsi ne da ita kuma launinta mai haske, da ruwan inuwa, wato siririn fenti mai duhu da ke shiga lungu, ya hau sai layin ya fito baro-baro kamar tsaga. Ka kankare shi da bayan wuƙar aiki, ba da kaifin ba, kana jan ta a karkace. In na ƙarfe ne ka bi da ƙaramin magagari. Bindiga ko banati da ya lanƙwashe a miƙe shi da yatsu a hankali, sau ɗaya. In ka yi ta kai shi kana komo da shi zai karye a wuya.

Daga nan wanka: ruwa mai ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke, tsohon buroshin haƙori. Man da ake shafa wa mazubi yana maƙalewa a jiki, kuma shi ne ke sa fenti ya riƙa tsattsagewa ko ya ɓare bayan wata biyu. A bar su su kwana su bushe. Gam kuma kowane da nasa: sufagulu ga ƙarfe, gam mai narkar da roba ga na roba. Ka liƙa kowane soja a kan murfin kwalba don kada yatsa ya taɓa shi har a gama.

Fentin shimfiɗa, wato na farko da ake fesawa kafin sauran launuka, ni ruwan yashi nake ba da shawara. A girgiza gwangwani minti biyu cur, a fesa daga nisan santimita 20 zuwa 30, a taƙaice, hannu na tafiya. In ka matso da yawa zai cike maɓallai da igiyoyi. In ka yi nisa fentin zai bushe a iska kafin ya sauka, jiki ya yi garas-garas kamar an barbaɗa gari. A ba shi awa 24 kafin buroshi ya hau.

Kabiru: Malam, duk na yarda sai launin shimfiɗar. Abin da Nura ke kuka da shi rashin rabuwa ne tsakanin sassa, kuma baƙar shimfiɗa ita ce maganinsa. Kana barin siririn baƙi tsakanin ɗamara da riga, tsakanin hula da fuska, shi kenan kowane abu ya tsaya da kansa.

Malam Bashir: Baƙi yana da tsada a kan kaki, Kabiru. Launi mai haske ba ya rufe baƙi a shafa ɗaya, sai uku ko huɗu, kuma kowace shafa tana cin zanen da maƙerin ya wahala ya fitar. Sannan kakin da ke zaune a kan baƙi yakan juya ya yi kore-kore mai duhu. Baƙin layi kuma a jikin tufa ruwan yashi ya yi tsanani, soja ya koma kamar zanen alƙalami. Layin da ake so ruwan ƙasa ne mai duhu, kuma ruwan inuwa zai ba ka shi ba tare da wahala ba.

Kabiru: To a raba gardama. Shimfiɗa ruwan ƙasa mai duhu, irin 984 Flat Brown na kamfanin fenti Vallejo, ana samun layin kuma kaki ba ya mutuwa a kai. Amma ga Gurkha, sojojin da ake ɗauka daga Nepal, da masu baƙar ɗamara ina nan a kan bakana.

Sadiya: Akwai hanya ta uku, kuma ga mai runduna babba ita ta fi sauri. A fesa ruwan ƙasa ko'ina, a bari ya bushe, sannan a fesa ruwan madara daga sama kawai, gwangwani na kallon hula. Kafaɗa da hula da saman jaka su yi haske, hammata da ƙarƙashin ɗamara su zauna da duhunsu. In ka bi da fenti mai ruwa-ruwa, hasken da inuwar za su riƙa leƙowa ta ƙasa. Sharaɗinta ɗaya: fenti ya zama sirara. Mai kaurin hannu zai binne duk abin da fesawar ta yi.

Aminu: Kafin ku yi nisa a lamba, a daidaita shekara, domin kakin 1879 daban, na 1897 daban.

Kalmar kanta daga Urdu take, tushenta na Farisa, ma'anarta launin ƙura. Rundunar Guides da Harry Lumsden ya kafa a Peshawar a 1846 ita aka sani da fara sa shi. Shekaru da yawa bayan haka ba a samu rini mai kama tufa ba, sai kowace bataliya ta ɗauki fararen kayanta ta rina da abin da ta samu: shayi, kofi, laka, har tawada. Shi ya sa a yaƙin Afganistan na biyu, 1878 zuwa 1880, za ka iya sa mutum goma sha biyu a sahu, wannan ruwan toka, wancan ya ja wajen ruwan hoda, wani kamar ruwan ƙwai da ya koɗe, kuma ba ka yi ƙarya ba. A 1884 aka yi rajistar rinin kaki mai ɗorewa a Ingila. Zuwa lokacin Chitral a 1895 da Tirah a 1897, kayan masaƙa ne masu launi ɗaya. Bambancin da ya rage na rana ne da wanki: tsohuwar riga ta fi sabuwa haske. Don haka ga rundunar Nura, a bambanta haske, kada a bambanta launi.

Abu na biyu, a duba bindigar da ke hannun sojan kafin a saya. Baturen 1897 Lee-Metford yake riƙe da ita, za ka gane ta da akwatin harsashi da ya leƙo a gaban kunama. Sojan Indiya kuwa Martini-Henry ce a hannunsa, mai cin harsashi ɗaya, ba akwati, sai mariƙin buɗewa a ƙasa bayan kunama. Da gangan hukuma ke barin sojan Indiya baya da mataki ɗaya a makami tun bayan tawayen sojojin Indiya na 1857. Akwatin sojojin roba na kamfanin Perry mai shekarun 1877 zuwa 1885 aiki ne mai kyau, amma Turawan cikinsa Martini suke ɗauke da ita da tsohon tsarin ɗamara. Sun dace da Maiwand da Kandahar na 1880, ba su dace da Dargai, fafatawar 1897 a hanyar Tirah, ba.

Jar riga kuma a ajiye ta gaba ɗaya. Yaƙin Ginnis a Sudan, ƙarshen Disamba 1885, shi ake lissafawa a matsayin na ƙarshe da sojan ƙasa na Ingila ya shiga da ita.

Nura: Na gode Malam Aminu. Ke nan launi ɗaya, haske daban-daban. To lambobin fa?

Sadiya: Ga tsari da Vallejo Model Color, don da lambobin kowa zai iya nemo makamancinsu a wani kamfani.

Riga da wando: 880 Khaki Grey a ƙasa, shafa biyu sirara. Kaurin da ake so kamar na madara, wajen ɗigon ruwa ɗaya ga ɗigon fenti biyu, amma kwalba ta bambanta da kwalba, ka gwada a bayan farcenka: in ya rufe ba tare da barin sawun gashi ba, ya yi. Sai ruwan inuwa, Agrax Earthshade ko Soft Tone, a sirka shi rabi da rabi. Bayan ya bushe sarai, aƙalla minti 40, ka dawo da 880 haɗe da 819 Iraqi Sand daidai wa daida, ka rufe duk inda ya taso, ka bar lungunan. Haske na ƙarshe 819 zalla, a kafaɗa, gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, bakin aljihu da gefen wuya.

Sirrin rabuwar da kake nema yana cikin sauran sassan. Hula ta fi riga haske da mataki guda: fara da 819, ƙare da 837 Pale Sand a tsakiyar kai da bakin hula. Ƙyallen da aka naɗa a jikin hular a bar masa inuwarsa a sama da ƙasa don ya fito. Naɗin ƙwauri ya fi wando duhu da mataki biyu: 921 English Uniform, ruwan inuwa ba sirki, sannan ka ja siraran layuka a karkace da 880 a bakin kowane zagaye. Jakar guzuri ta ja wajen fari, 884 Stone Grey. Takalmi baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. In ka kalli sojan daga sama zuwa ƙasa sai ka ga haske, matsakaici, duhu. Ido na kama wannan daga nisan mita guda, wanda shi ne nisan da mai wasa ke kallo.

Kada a sa fari tsantsa cikin kaki don neman haske. Yana kashe ɗumin launin, riga ta yi kamar an shafa mata alli. 837 ko 918 Ivory su ne abin haɗawa.

Kabiru: A ƙara da gargaɗi kan 988 Khaki. Sunan na yaudarar mutane. Yana da kore a cikinsa, ya fi dacewa da igiyoyin sojan yaƙin duniya. A rigar auduga ta Indiya sai dai a yi amfani da shi can ƙasa a matsayin inuwa.

Malam Bashir: Haka ne. Sai maganar ruwan inuwa, wanda shi ke ɓata mafi yawan sojojin kaki. Mutum ya tsoma buroshi ya malale soja daga hula har takalmi, ya ajiye shi a tsaye. Ruwan ya gangara ya taru a gindin riga da bayan gwiwa, ya bushe da zobe mai duhu a gefe, wurare masu faɗi kuma su yi dabbare-dabbare. Dalili shi ne gefen tafkin ya riga tsakiyarsa bushewa, launin ya tattaru a can. Maganin: sashe-sashe ake yi. Ka gama riga, ka share buroshi a tsumma, ka tsotse duk inda ya taru tun yana ɗanye, cikin minti ɗaya. In ya fara kamawa kada ka taɓa, za ka yage fatar da ta fara yi, ramin kuma ba ya gyaruwa sai da sabon fenti. A hula kuwa kada a malale sam. Bakin buroshi kawai za a bi da shi ta gindin ƙyallen da ƙarƙashin baki.

Sirki da ruwan famfo zalla shi ma yana kawo zoben, wani lokaci har da farin tabo. Ruwan sirki na akirilik da kamfanonin fentin ke sayarwa ya fi, domin yana rage launin ba tare da ya karya ƙarfin da ke jan ruwan cikin lungu ba.

Aminu: Ɗamara. Baturen wannan zamani tsarin Slade-Wallace na 1888 yake ɗaure da shi: ɗamara, jakar harsashi biyu a gaba, igiyoyi biyu da suka haye kafaɗa. Fata ce mai launin madara da ake farantawa a bariki, amma a fagen fama ana dusashe ta, domin fararen igiyoyi a ƙirji alama ce ga maharbin da ke kwance a kan dutse. 976 Buff a ƙasa, siririn 918 a gefe. Wannan ɗamarar ita ce babbar kadararka a tebur, don ita kaɗai ce abu mai haske da ya ratsa rigar. Ka ɗauki lokaci a kanta, da buroshi lamba 1 mai tsini. Mutane na rugawa wajen lamba 000 suna zaton ƙanƙanta ce ke kawo daidaito, alhali ƙaramin buroshi ba ya riƙe ruwa, fenti na bushewa a bakinsa kafin ya isa jikin soja. Tsini ake nema, ba ƙanƙanta ba.

Sojan Indiya fata ruwan ƙasa yake ɗaurawa, 940 Saddle Brown da haske kaɗan. Rawani kuma a lura: Sikh nasa ba hula a ciki, naɗi ne zalla, ga gemu cikakke. Musulmin Punjab da Pathan, wato mutanen iyakar irin su Afridi da Orakzai, suna naɗa nasu a kan hula mai tsini da ke leƙowa ta sama. Gurkha na 1897 ƙaramar hula zagayayya yake sawa, mai kama da gwangwani. Malafar nan mai faɗin baki da aka san su da ita sai bayan shigowar ƙarni na 20.

Wanda ke son ƙaramin wasa mai tarihi a bayansa, Saragarhi na nan: 12 ga Satumba 1897, mutum 21 na bataliyar Sikh ta 36 ƙarƙashin Havildar Ishar Singh suka riƙe ofishin isar da saƙo har aka kashe su duka. Soja 21 aikin sati biyu ne ga mai zama da yamma.

Nura: Fuska fa? Idanu na ba ni wahala ƙwarai.

Sadiya: Bar idanu. A milimita 28, ƙarƙashin hular rana ko rawani, abin da ake gani inuwa ce kawai. Farin ido da ɗigon baƙi na sa soja ya yi kamar ya firgita. Layi mai duhu a kwarmin ido ya wadatar.

Bature: 845 Sunny Skintone, ruwan inuwa mai ja-ja, sannan haske a hanci, kumatu da haɓa. Rana ta gasa su, don haka ɗan ja a kumatu da wuya daidai ne. Sikh da Punjabi: 843 Cork Brown, inuwa, haske da 843 haɗe da 845 kaɗan. Pathan da yawa fatarsu na da haske, kuskure ne a yi musu duhu sosai. 876 Brown Sand mafari ne mai kyau, a riƙa sauya shi kaɗan daga mutum zuwa mutum. Gemu kada ya zama baƙi ƙirin: baƙi haɗe da 872 Chocolate Brown, a shafi bakin gashin da 995 German Grey. Dattijo ɗaya ko biyu masu furfura, ko mai gemu ja na lalle, suna raya sahu.

Kabiru: Mu koma ga mayaƙan ƙabilu, don su ne mafi yawa a tebur kuma a nan mutane ke gajiya su watsar. A littafin ƙa'idojin wasa na The Men Who Would Be Kings rukunin sojan gwamnati mutum 12 ne, na mayaƙan ƙabila 16. A The Sword and the Flame rukunin ƙasa mutum 20 ne. Ko ta ina ka bi, kana bukatar Pathan 50 zuwa 80 kafin wasa ya yi armashi. In ka ce kowane da kayansa na daban, ba za ka gama ba.

Abin yi shi ne launi huɗu kacal na tufa: fari mai datti, ruwan toka, shuɗin baba da ya koɗe, da ruwan ƙasa mai haske. Ka jera 16. Ɗauki farin, ka yi wa na farko riga, na biyu wando, na uku rawani, na huɗu ka tsallake, haka har ƙarshe. Ɗauki toka ka sake zagayawa kana cike gurbi. Kafin launi na huɗu ya ƙare kowa ya sha bamban da maƙwabcinsa, amma rukunin na kama da mutanen kwari ɗaya. Fari da toka su rinjaya. Launi mai ƙarfi, ja ko kore, a taƙaita shi ga jelar rawani, ɗamarar ƙugu da tuta.

Farin tufa ba daga fari ake farawa ba. 884 Stone Grey a ƙasa, 918 Ivory a kai, fari tsantsa sai a kan kaifin ninki kawai, in ma za a sa. Shuɗin kuma 899 Dark Prussian Blue ne da aka karya da toka, domin rinin baba da ya sha rana ba ya ƙyalli.

Rigar buzu da suke kira poshtin, gashin a ciki yake, fatar a waje, launinta rawaya mai duhu: 913 Yellow Ochre, inuwa mai kauri, gashin da ya leƙo a wuya da bakin hannu a yi masa toka ko ruwan ƙasa. Doguwar bindigarsu jezail tana da gindi lanƙwasasshe da zobban tagulla da ke riƙe bututu a jikin katako. Zobban nan da 801 Brass, ɗigo-ɗigo, suna fitar da ita nesa. Amma kada duka su riƙe jezail. Zuwa 1897 Afridi na da Martini da Snider masu yawa, kuma harbin nesa da suke yi shi ya fi damun rundunar Janar Lockhart, kwamandan Turawa, a Tirah, fiye da farmakin takobi. Masu takobi da garkuwa sun fi dacewa da hare-haren dare na Malakand da Chakdara a ƙarshen Yuli.

Malam Bashir: Ƙarfen bindiga, a kowane ɓangare, kada a yi shi azurfa. Baƙi a ƙasa, 863 Gunmetal Grey a shafa sama-sama. Azurfa sai kaifin takobi da banati.

Nura: Akwai rukunin Gordon Highlanders, sojojin Scotland, a cikin kayan, na Dargai. Zanen siket ɗin nan nasu na tsorata ni.

Sadiya: Ba abin tsoro ba ne in ka yarda cewa ba za ka kwafi zanen duka ba. A Dargai, 20 ga Oktoba 1897, rigarsu da hularsu kaki ne, siket ɗin ne kawai ya rage da launinsa, shi ya sa suke ƙawata tebur. Zanen Gordon shuɗi ne da kore da baƙi, da siririn layi rawaya da ke ratsa koren.

Mataki huɗu. Shuɗi mai duhu ko'ina. Sai ratsin kore mai duhu, uku a kwance, faɗin kowane kamar milimita ɗaya da rabi, sannan a tsaye da tazara iri ɗaya. Inda kore ya haye kore, ɗiga kore mai ɗan haske, murabba'i ƙarami. Wannan ɗigon shi ke sa ido ya yarda saƙa ce. Ƙarshe layin rawaya ta tsakiyar kowane ratsin kore. Kada ka ɗauki rawaya mai ƙarfi, zai haɗiye sauran. 914 Green Ochre da aka sirka sosai ya isa, a ja shi da numfashi ɗaya. In ya karkace, gyara gefensa da koren, kada ka sake bin rawayan. A baya inda ninki yake, layukan kwance kawai za ka bi da kyau, na tsaye ka ɗora su a kan bakin ninkin. Baƙaƙen layukan da ke cikin zanen na gaske a bar su, a wannan girma duhu kawai suke ƙarawa.

In akwai mai busa a rukunin, ai shi ne George Findlater, wanda aka harba a ƙafa ya ci gaba da busa a zaune, ya samu lambar Victoria Cross.

Aminu: Gindin da soja ke tsaye a kai, ina ganin nan ne rabin amsar tambayar farko take. Mutane na ɗaukar iyakar nan kamar hamada, su zuba yashi mai launin rigar. Ba haka ƙasar take ba. Duwatsu ne masu toka da ruwan ƙasa, da tsakuwa. Kwarin Swat kore ne, har shinkafa ake nomawa. Maidan a Tirah gonaki ne da itatuwa, kuma da rundunar ta janye ta kwarin Bara a Disamba 1897 sanyi da ruwa ne suka gallabe ta. Don haka gindi ya fi soja duhu kuma ya ja wajen toka, sai kakin ya tashi a kansa.

Faifai mai faɗin milimita 25 ga na ƙasa. Wasar ƙarfe, irin faifan nan mai rami da ake sawa ƙarƙashin noti, ta fi ga sojan roba, tana ba shi nauyi kuma tana kama maganaɗisu a akwatin ajiya. A cike tudun da ke ƙarƙashin ƙafa da ƙullin cike rami don kada soja ya zama kamar yana kan dakali. Farin gam na katako, yashi mai girma biyu, tsakuwa biyu ko uku. Bayan ya bushe a sake bin yashin da gam da aka sirka, kashi ɗaya gam kashi uku ruwa, in ba haka ba zai riƙa zubewa yana cin gashin buroshi. Fenti 872, sai busasshen buroshi, wato wanda aka goge fentinsa har ya kusa ƙarewa, da 983 Flat Earth, sai 884 a kan duwatsu kawai. Tuntun ciyawa busasshiya ɗaya, ba a kowane faifai ba.

Kabiru: Malam Aminu, a nan ina da ja. In shimfiɗar teburin ruwan yashi ce, gindi mai duhu zai sa kowane soja ya riƙa yawo da baƙin tabo a ƙarƙashinsa. Gindi da tebur ya kamata su yi daidai.

Aminu: Gaskiyarka, amma gyaran a tebur yake. Tebur ɗin iyaka shi ma ya kamata ya ja wajen toka, da tuddai da shingayen dutse da suke kira sangar. Wanda tebur ɗinsa na Sudan ne kuma ba shi da wani, to ya ƙara busasshen buroshi na 819 a gefen faifan kawai, ya bar kewayen takalmi da duhunsa.

Malam Bashir: Saura igwa da banish, wato shafin ƙarshe marar launi da ke kare fenti. Igwar dutse ta wannan zamani ita ce mai bakin inci 2.5, wadda bututunta kashi biyu ne da ake ɗaurewa da zare, alfadarai ke ɗaukarta gunduwa-gunduwa. Kayan da ke bayan alfadarin ƙarfe ba sa zama da gam kaɗai. A huda da abin huji na hannu mai milimita 0.8, a sa guntun waya, sannan gam. Alfadari ruwan ƙasa mai duhu, baki da ciki masu haske, kada a yi masa launin doki mai sheƙi. Auduga don alamar hayaƙi ta dace da igwar da Martini da jezail, domin duka baƙin albarushi suke ci. Lee-Metford a lokacin sabon albarushi na kodayit take ci, hayaƙinta kaɗan ne, don haka kada a ɗora wa sahun Turawa farin gajimare.

Banish hawa biyu ga na ƙarfe: mai sheƙi da farko don ƙarfi, a bar shi ya kwana, sannan marar sheƙi a kai. Wuraren da ke fara ɓarewa su ne tsakiyar hula, gwiwar hannu da bakin bindiga, inda yatsu ke kamawa. Na fesawa ba ya shiri da iska mai laima ko sanyi, yana bushewa da farin hazo kamar an yayyafa gari, kuma a kan kaki hakan na shafe duk matakan hasken da aka wahala a kai. Kullum a gwada a kan soja ɗaya tukuna. In hazon ya riga ya faru, shafa mai sheƙi da buroshi yakan mayar da launin, sai a sake marar sheƙi ranar da iska ta bushe. Na kwalba kuma a girgiza shi sosai, domin sinadarin da ke kashe sheƙin yana kwanciya a ƙasa, in ba a tashe shi ba soja zai fito yana ƙyalli.

Nura: In soja ya lalace gaba ɗaya, fenti ya yi kauri, ana iya komawa farko?

Sadiya: Ana iya. Jiƙa shi cikin sinadarin alkohol na isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko sama na awa biyu zuwa uku, goge da buroshin haƙori, wanke da sabulu, a sake shimfiɗa. Ƙarfe da roba mai tauri ba ya cutar da su, amma na resin kada ya daɗe a ciki, yana iya yin laushi. Asiton kuwa ga ƙarfe kaɗai, roba narkewa take yi a cikinsa. Kuma kafin ka taɓa rukunin duka, gama soja ɗaya tun daga hula har gindi da banish, ajiye shi a tebur, ja da baya mita guda. In ba ka ga ɗamarar da naɗin ƙwaurin sun rabu da riga daga nan ba, ƙara wa hular haske da mataki ɗaya, ƙara wa naɗin duhu, sannan ka bi sauran goma sha ɗayan da wannan ma'auni.